Quartzsite: Garin Hamada Da Uwar Gida Ke Duba Batir Kafin Ta Ɗora Tukunya

A yammacin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, dab da iyakar Kalifoniya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, ana furta shi kamar "Kwatsait". Daga watan Yuni zuwa Agusta zafinsa kan wuce digiri 40, kuma mazaunansa na dindindin ba su kai mutum dubu huɗu ba. Amma da sanyi ya shigo, musamman a watan Janairu, sai garin ya cika ya batse. Dubban mutane ne ke gangarowa daga jihohin arewa da ƙasar Kanada, suna gudun ƙanƙara, kowa da gidansa a kan taya. 'Yan gari suna kiransu da wani suna mai ma'anar "tsuntsayen ƙanƙara". Mu dai da a gida ne, 'yan cin rani za mu ce, sai dai su ba kuɗi suka fito nema ba, rana suka biyo.

Yawancin baƙin nan ba a cikin gari suke sauka ba. A fili suke zama, cikin tsakuwa da ƙaya, inda babu turken wutar lantarki, babu famfo. Duk hasken da mutum zai gani da dare, da ruwan da zai zubo masa, da ɗumin da zai kwana da shi, daga batirinsa suke fitowa. Shi ya sa a wannan gari hirar batir ta zama kamar hirar cefane a wurinmu.

Ɗaki da kicin a bayan direba

Motar da ake irin wannan zama da ita babba ce, tsakanin bas da ƙaramar babbar mota. A bayan kujerar direba akwai gado, da teburin cin abinci da ake mayar da shi gado da dare, da murhun gas, da firij, da ɗan banɗaki mai shaya, da tankin ruwa a ƙarƙashi. Bari mu kira ta mota mai ɗaki.

Abin da ya kamata ki fara sani, 'yar uwa, shi ne batirinta iri biyu ne. Akwai batirin inji, irin na kowace mota, aikinsa tayar da mota kawai. Akwai kuma baturan ɗaki, galibi guda biyu, waɗanda aka ƙera don su riƙa ba da wuta a hankali tsawon dare. Su ne ke riƙe fitilu, da injin turo ruwa, da fankar hitar ɗaki, da na'urar da ke ƙara idan gas ya tsiyaya. An raba su ne da gangan, don ko ɗaki ya shanye wutarsa tas, mota ta iya tashi da safe.

Wani abin mamaki, firij da hita na irin waɗannan motoci da gas suke aiki, amma duk da haka ba sa motsi sai da batir. Hita ba ta yarda ta kunna wuta sai fankarta ta juya da ƙarfi, firij kuma yana da ɗan allon lantarki da ke ba shi umarni. Tulun gas zai iya kasancewa cike, amma in batir ya kwanta, sanyi za a kwana da shi.

Hanyar zuwa da wurin sauka

Mun ɗauki hayar irin wannan mota a birnin Finiks, ni da maigida da yara uku da surukata Hajiya, wadda ta zo mana ziyara daga gida. Tafiyar kimanin kilomita 200 ce yamma a kan babbar hanya mai lamba 10, sa'a biyu da 'yan mintuna. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, duwatsu jajaye daga nesa, ga dogayen itatuwan ƙaya masu hannuwa sama kamar masu addu'a, waɗanda ake kira saguwaro. Hajiya ta daɗe tana kallonsu ta taga, can ta ce, "Ikon Allah, itace babu ganye ko ɗaya, kuma ga shi ya fi mutum uku tsawo."

Filayen da ke kewaye da Quartzsite na gwamnatin tarayya ne, hukumar BLM ce ke kula da su. Akwai wuraren da ake zama kyauta har kwana 14, kamar Plomosa Road a arewacin gari da Dome Rock a yamma. Akwai kuma La Posa a kudu, inda ake biyan kuɗin takarda a zauna tsawon lokacin sanyi, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma a can akwai wurin ɗibar ruwa da zubar da shara da ruwan banɗaki. Mu a Plomosa muka sauka, bayan mun bar kwalta mun bi wata hanyar tsakuwa mai gargada da ta girgiza kwanukanmu sosai.

Babu shinge, babu lambar gida. Kowa ya ga fili sai ya tsaya, ya bar tazara tsakaninsa da na kusa, ya jera duwatsu a zagaye don murhun dare. A saman kusan kowace mota akwai farantan sola a jingine suna fuskantar kudu, saboda da sanyi rana ba ta hawa tsakiyar sama a can. Da hantsi za ki ga tsofaffi sun hau tsani da tsumma suna goge musu ƙura.

Kabarin Alhaji Ali mai raƙuma

Washegari muka shiga gari. Duk inda kika duba akwai hoton raƙumi, a allon maraba da jikin shaguna, sai ki yi ta mamakin abin da ya haɗa Amurka da raƙumi. Amsar tana maƙabartar garin.

A shekarar 1855 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 30,000 don a sayo raƙuma, a gwada ko za su iya ɗaukar wa sojoji kaya a hamadar kudu maso yamma. A 1856 raƙuma sama da 30 suka sauka daga jirgin ruwa a gaɓar Teksas, aka kuma ɗauko masu kiwonsu daga yankin Daular Usmaniyya. Cikinsu akwai wani mai suna Hajji Ali. Bakin sojojin ya kasa furta sunan, suka mayar da shi Hi Jolly, kuma da shi aka san shi har yau. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861 ya kashe shirin, aka sayar da wasu raƙuman, wasu suka bazu cikin daji. Shi kuwa ya zauna a yankin har ya rasu a Quartzsite a 1902. A 1935 aka ƙaddamar da wani gini na duwatsu mai siffar dala a kan kabarinsa, da raƙumin ƙarfe a ƙololuwa.

Hajiya ta tsaya ta yi masa addu'a, ta shafa, ta ce, "Allah sarki, baƙo a ƙasar baƙi. Allah Ya jiƙan musulmi." Yara kuwa raƙumin ƙarfen ne ya ɗauke musu hankali.

Daga nan muka zaga kasuwa. Garin ya yi suna da kasuwar duwatsu masu ado, rumfa bayan rumfa, kuma a watan Janairu ana kafa wata ƙatuwar tanti ta baje kolin kayan motoci masu ɗaki. Rabin abin da ke ciki wayoyi ne da fis da batura da farantan sola.

Da magariba ta yi

Da rana a Janairu garin yana da daɗi, kusan digiri 20. Amma hamada ba ta riƙe zafi. Rana na faɗuwa sanyi ke saukowa, kafin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 5, wani daren har ya kusa daskarar da ruwa.

A daren nan na biyu, na buɗe famfo don Hajiya ta yi alwala, sai na ji injin ruwan yana gurnani a kasalance. Fitilu suka yi ja. Na kunna hita, fanka ta juya kamar mai jin barci, ta tsaya, wuta ba ta kama ba. Firij ya fara ƙyafta wata 'yar fitila, ga abincin kwana huɗu a ciki, ga allurar ciwon sukari ta Hajiya. Allon da ke nuna ƙarfin batir a bango ya sauka kan layi na ƙarshe.

Maigida ya tayar da janaretan da ke jikin motar. Nan take fitilu suka yi haske, ruwa ya zo, muka ce alhamdulillahi. Bayan sa'a biyu ya kashe, don a wurin ba a barin janareta yana damun maƙwabta idan dare ya yi nisa, kuma ba a kwana da shi a kunne saboda hayaƙinsa na kisa. Ko minti goma ba a yi ba fitilu suka koma ja. Sa'a biyu na caji kamar an zuba ruwa a rariya. Ya kira kamfanin hayar, suka ce ba mai iya zuwa sai gobe da rana, amma sun yarda a duba kan batir idan akwai wanda ya iya. Autana wata takwas gare shi, Hajiya kuma ta haura saba'in. Na ce, "Abban yara, mu dai ba za mu kwana haka da Hajiya da yaron nan ba."

Hanyoyi uku, mahaɗa ɗaya

Maƙwabciyarmu wata dattijuwar Baturiya ce, ita kaɗai a cikin wata farar mota da karenta. Tun da safe mun gaisa, na aika mata da ƙosai. Da ta ji janareta ya tashi ya mutu, ta ga muna zagaye da tocila, sai ga ta da jakar kayan aiki da wata 'yar na'ura mai kamar waya, da igiyoyi biyu, ja da baƙa. Mitar awon wuta ce, irin ta masu riwaya. Ta gaya mana mijinta ya rasu shekaru da dama, tun daga nan ita ke duba motarta da kanta.

Ba ta fara da taɓa komai ba, tambaya ta fara. Ta bayyana mana cewa caji yana zuwa wa baturan ɗaki ta hanyoyi uku. Ta farko, idan mota na tafiya, altanetar inji na turo wuta ta cikin wani makunni da ke haɗa baturan biyu yayin da inji ke aiki, ya raba su idan an kashe. Ta biyu, idan an jona motar da wutar gari ko an tayar da janareta, akwai caja a cikin ɗaki, kusa da akwatin fis, da ke mayar da babbar wuta zuwa ƙaramar da batir ke sha. Ta uku ita ce sola, wadda ke bi ta kwantirola kafin ta isa batir.

Sai ta ce mu lissafa. Mun yi tuƙin sa'a biyu jiya, yau mun shiga gari mun dawo, farantin sola ya wuni cikin rana, janareta ya yi sa'a biyu, amma batir bai ƙaru ba. Da hanya ɗaya ce ta ƙi, da sai a bi ta ita kaɗai. Amma da wuya abubuwa uku su lalace a rana guda. Idan duka ukun sun gaza, to matsalar tana inda suka haɗu, wato a kan batir ko a cikinsa. Hasken da muka gani lokacin da janareta ke aiki kuma shaida ce cewa caja lafiyarta lau, ita ce ke ciyar da fitilun kai tsaye.

Wannan lissafi shi ne abin da na fi riƙewa a duk tafiyar. Ko sifana ba a ɗauka ba, an riga an san inda za a duba.

Abin da mita ta nuna

Baturan suna ƙarƙashin matakalar ƙofa. Ta ɗora igiyoyin mitar a kan turakun dalma biyu na batir, mai alamar + da mai alamar −, mita ta nuna bolt 11.9. Ta koya mana ma'anar lambobin a batir mai ruwa na bolt 12 da ya huta: 12.6 zuwa 12.7 ya cika, 12.1 zuwa 12.2 saura rabi, ƙasa da 12 ya yi nisa da yunwa, 10.5 kuwa ya ƙare ƙaf. Idan ana yi masa caji, dole lambar ta riƙa hawa zuwa sama da 13, har ta kai tsakanin 13.6 da 14.4.

Aka sake tayar da janareta na ɗan lokaci. A kan turakun lambar ba ta motsa ba, tana nan 11.9. Sai ta ɗage baƙar igiyar daga turken − ta ɗora a kan bakin kebul ɗin da aka ɗaure a jikinsa, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Mita ta nuna 13.6. Wato caji ya taho tun daga caja, ya iso bakin ƙofa, ya kasa shiga.

Da aka haska sosai sai ga wani farin gari mai kore-kore ya taru a ƙarƙashin bakin kebul ɗin, noti kuma ya saki har ana juya shi da hannu. Tururin asid ne ke cin ƙarfen a hankali ya bar wannan gari, gargadar hanya ta ƙarasa kwance notin. 'Yar wutar da fitila ke buƙata tana samun wucewa da ƙyar, amma babbar wutar caji ko ta fankar hita ba ta da hanya.

Kafin a sa hannu ta sa aka kashe janareta, aka kashe makunnin baturan ɗaki. Ta dubi hannuna ta nuna awarwarona da zobe, ta ce sai na cire in ina son in taya ta. Ba ƙaramar magana ba ce. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan ƙarfe ya haɗa turakun biyu, wutar da za ta bi ta cikinsa tana iya mayar da awarwaro ja zur a hannun mai shi cikin ƙiftawar ido. Na ɗaure mayafina a baya, aka kora yara ciki wurin Hajiya. Ta kuma hana a matso da ashana ko kyandir, saboda batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, musamman lokacin caji.

Ta sa tabarau da safar hannu, ta fara cire kebul na − kafin na +. Ta dama cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ta goge turaku da bakin kebul da tsohon buroshin haƙori, yana kumfa, tana kula kada ruwan ya shiga ramukan batir. Ta kankare da buroshin ƙarfe har dalma ta yi ƙyalli, ta tsane da tsumma, ta mayar da na + tukuna, sannan na − a ƙarshe, ta ɗaure tam, ta shafa ɗan man basilin a kai. Wani gargaɗi da ta ƙara: a motoci masu ɗaki na Amurka sau da yawa baƙar waya ce +, fara ce −, saboda haka alamar da ke jikin batir ake bi, ba launin waya ba.

Aka tayar da janareta. A kan turakun lambar ta fara hawa, 12.8, 13.0, 13.2. Muka bar shi har lokacin da ya dace a kashe, muka rage fitilu, muka sa hita a ƙasa-ƙasa, muka haɗa da barguna. Cajin bai cika ba, don batir mai ruwa yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, amma ya kai mu asuba da ɗumi. Hajiya ta riƙe hannun matar tana ta sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana ta murmushi tana gyaɗa kai.

Idan ba kan batir ba ne

Da safe na kai mata shayi da wainar ƙwai, ta bi da ni sauran wuraren da caji ke maƙalewa, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Na farko makunnin da ke raba baturan ɗaki da sauran mota, wanda galibi yake bakin ƙofa, daidai inda gwiwar babba ko hannun yaro zai taɓa shi. A motoci da yawa, in yana kashe, caja ba ta kai wa batir komai. Na biyu wani ɗan akwatin kariya kusa da batir, mai ƙaramin maɓalli kamar ƙwayar gero, wanda ke tsinke wuta da kansa idan ta yi yawa. A danna shi ya koma. Na uku inda kebul na − ya ɗauru da ƙarfen jikin mota a ƙarƙashi, wurin da tsatsa ke so.

Idan tuƙi da sola suna caji amma janareta ko wutar gari ba sa yi, a duba makunnin kariya na caja a akwatin wuta, da manyan fis guda biyu masu lamba 30 ko 40 da ke jikinta, waɗanda ke ƙonewa nan take in an taɓa jona batir a juye. Idan tuƙi ne kaɗai ba ya caji, a auna baturan ɗaki inji na aiki. In lambar ba ta hau ba alhali batirin inji yana nuna kusan 14, makunnin da ke haɗa su ne ya gaza. Idan sola ce, a fara da ƙura da inuwa, don inuwar reshe ɗaya tana iya rage wa faranti ƙarfi sosai, sannan a duba fis da allon kwantirola.

Sai a ƙarshe a tuhumi batir ɗin kansa. A buɗe murafunsa a leƙa: ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki? In ya ja baya, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir ake ƙarawa, ba ruwan famfo ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Batirin da aka saba barinsa a kwance kwana da kwanaki, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, ya daina karɓar caji. Alamarsa ita ce ya nuna ya cika cikin 'yan mintuna, ya kuma zube cikin 'yan mintuna. Wanda ya tsaya wajen 10.5 duk cajin da aka yi masa, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ne ya mutu. Wanda ya kumbura, ko yake zafi, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe caji a nisance shi. Shi ya sa masu zaman hamada ba sa barin batir mai ruwa ya sauka ƙasa da rabi.

Ita nata na litiyom ne, mai sauƙin nauyi, ba ya son ruwa. Amma shi ma yana da halinsa: akwai na'urar kariya a cikinsa da ke hana shi karɓar caji idan sanyi ya kai digiri 0. Mutum ya tashi da asuba ya ga ya ƙi caji ya ɗauka ya lalace, alhali jira yake gari ya yi ɗumi.

Su wa ke zaune a filin

Ba duk wanda ke Quartzsite ne ya zo hutu ba. Akwai masu motocin da suka fi wani gidan tsada, akwai kuma waɗanda fanshonsu bai isa kuɗin haya ba, suka mayar da tsohuwar mota gida. Labarin irin waɗannan ne 'yar jarida Jessica Bruder ta rubuta a littafinta Nomadland a 2017, aka mayar da shi fim, aka ɗauki wani sashensa a nan, ya kuma ci babbar kyautar Oscar a 2021.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yawan mata tsofaffi da ke zaune su kaɗai. Wadda kuɗinta ƙidayayye ne ba za ta iya kiran makaniki a kan kowane ƙaramin abu ba, ba za ta kuma iya sayen sabon batir don an ce mata ya mutu ba. Dole ta koyi awo. Kuma duk wadda ta koya, tana koya wa ta kusa da ita, yadda muke koya wa juna haɗin yaji ko maganin shawara. Na ji tausayin kaɗaicinsu, na gode wa Allah da irin zumuncinmu, amma na yaba da yadda ba sa jin tsoron kayan da rayuwarsu ta dogara a kai.

Abin da ya shafe mu a gida

Na san yawancinmu ba mota mai ɗaki gare mu ba. Amma gidaje nawa ne yanzu a Kano da Kaduna da Maraɗi ke da sola da inbata da batir a lungun falo ko ƙarƙashin bene? Tsarin ɗaya ne. Caji yana zuwa daga wutar NEPA ko janareta ta cikin inbata, yana kuma zuwa daga faranti ta cikin kwantirola, su haɗu a kan batir. Kuma uwar gida ce ke wuni da shi, ita ke fara lura cewa fanka ta daina kai wa asuba.

Kafin a ce miki batir ya mutu a kawo kuɗin sabo, ki tambayi kanki: duka hanyoyin ne suka daina caji ko ɗaya? Yaushe rabon a goge faranti, musamman da ƙurar hunturu? Akwai farin gari a kan turaku? Yaushe rabon a duba ruwan batirin tubula? An ƙara wa gidan wani sabon kaya mai jan wuta? Idan mai gyara ya zo, ki ce ya auna a gabanki, a kan turke da kan kebul, ya nuna miki lambar. In tsarin gidanku na bolt 24 ne, sai ki ninka lambobin da na kawo sau biyu. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gogewar faranti da duba ruwa da karanta mita duk kina iya yi, bayan kin cire awarwaro da zobe kin kawar da yara. Amma cikin inbata da duk abin da ya shafi babbar wuta, a bar wa mai sana'a. Batir kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu, ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

Wadda Allah Ya nufa da zuwa Arizona kuma take sha'awar ganin Quartzsite, ta zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ta taho da barguna fiye da yadda take zato, ta cika tankin ruwa kafin ta bar kwalta. Wajen karɓar motar haya ta sa a nuna mata inda baturan ɗaki suke, da makunninsu, da akwatin fis, ta kuma saka 'yar mita da tocila a jakarta kusa da maganin yara.

Ku kuma 'yan uwa, wace matsala batirin gidanku ya taɓa ba ku, kuma me aka gano a ƙarshe? Ku rubuto a ƙasa, wata za ta ƙaru. Allah Ya haskaka mana gidajenmu, Ya tsare mu da iyalanmu a gida da kan hanya.